Gwamnati, kamfani, NGO ko shagon kanka: wanne ne kuɗinsa ke iya bin tsadar rayuwa?

Ɗan 'yar'uwata ne ya sa ni zaman rubuta wannan. Yaron ya gama bautar ƙasa, Allah ya buɗe masa ƙofa biyu a wata guda, ga ofar aikin gwamnatin jiha a lebul 8 a nan gida, ga kuma wani kamfani a Legas da zai ba shi kusan ninki biyu na abin da jiha za ta ba shi, sannan wani abokinsa na ta zuga shi wai ya watsar da su duka ya jira wata NGO, wato ƙungiyar agaji mai zaman kanta, a Maiduguri, babansa kuma na cewa ga shago nan a kasuwa ya zo ya zauna. Da daddare ya kira ni ya ce "Kawu, don Allah wanne zan ɗauka, kaina ya kulle." Na ce masa kafin in ba ka amsa ka faɗa min, a kowanne daga cikinsu wa zai ƙara maka albashi, kuma duk yaushe? Sai ya yi shiru. Albashin watan farko kawai yake kallo, kuma na san ba shi kaɗai ba ne.

Dalilin da ya sa na dage kan wannan tambaya shi ne abin da muka gani da idonmu. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, litar fetur tana naira 65, kaga kuɗin zai sayi lita wajen 276. A 2019 aka mayar da shi 30,000, lita tana 145, ya koma lita wajen 206. A watan Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu a kan 70,000, kafin ƙarshen shekarar lita ta taɓa dubu ɗaya, wato lita 70. Lamba tana ta hawa a takarda, abin da take sayowa yana ta sauka. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, sai sakin naira kasuwa ta yanke mata daraja a watan Yuni, hauhawar farashi da take kashi 22 da ɗoriya ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 a lissafin hukumar ƙididdiga ta NBS, na abinci ma ya haura kashi 40 a tsakiyar shekarar. Daga baya an sauya yadda ake lissafin, lambar ta sauko, hatsi ma ya yi sauƙi a 2025, amma kuɗin haya da kuɗin makaranta da magani ba su koma inda suka fito ba.

Ga ɗan lissafi na misali da na yi masa a waya. In an ƙara maka kashi 10 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 30, ƙarfin albashinka ya ragu da kusan kashi 15, duk da alat ɗin da ke shigowa ya fi na bara. In kuma shekara uku ba a ƙara maka komai ba kaya na tashi da kashi 20 duk shekara, naira ɗarinka ta zama kamar 58.

Abubuwan da nake auna aiki da su

Na farko abin da ke shiga hannunka bayan an cire haraji da fansho da kuɗin ƙungiya, da kuma garin da za ka ci kuɗin, don dubu ɗari biyu a Legas daban, a Dutse ko Birnin Kebbi daban. Na biyu, wanda shi ne zuciyar maganar, yadda ƙarin ke zuwa, doka ce ta tilasta shi ko sai ran maigida ya yi fari, kuma wata nawa yake ɗauka kafin ya biyo kasuwa. Na uku ɗorewa, shekara nawa aikin zai riƙe ka kuma me za ka fita da shi. Na huɗu sauƙi, wato wahalar samu da kuma lokacin da aikin zai bar maka ka yi wani abu a gefe, wannan mutane na raina shi amma ni a wurina kuɗi ne zunzurutu. Na biyar haɗari, me zai iya faruwa ka wayi gari babu komai.

Aikin gwamnati

Nan ne kaɗai ƙarin shekara yake a rubuce. Albashi na tafiya da lebul daga 1 zuwa 17, kowane lebul da sitef, wato ƙananan matakan albashi, a cikinsa, duk shekara in ba ka yi laifi ba za a ɗaga ka sitef ɗaya. Mai digiri na shiga a lebul 8, mai NCE a 7. Ƙarin girma a tsarin tarayya duk shekara biyu ne ga 'yan lebul 6 zuwa ƙasa, shekara uku daga 7 zuwa 14, shekara huɗu daga 15 zuwa sama, shi ma sai ka ci jarrabawa kuma akwai gurbi. Toh amma gaskiyar magana kuɗin sitef ɗin nan 'yan dubbai ne ƙalilan, a shekarar da tiyar shinkafa ta ninka ko ji ba za ka yi a jikinka ba. An tsara shi ne don lokacin da farashi ke zaune wuri ɗaya.

Ƙarin da ake ji a jiki sai an yi tataɓurza. Ku tuna yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC na 3 ga Yunin 2024 da aka kashe wutar ƙasa gaba ɗaya aka rufe filayen jirgi, ƙwadago sun fara daga neman 615,000 suka sauko 250,000 aka ƙare a 70,000. Alherin da aka samu a sabuwar dokar shi ne an rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku. Amma ko ukun ma, kasuwa kullum take tashi.

Sannan akwai abin da yawancin masu shiga aiki ba su sani ba, kuma shi na fi so yaron nan ya gane. In an ƙara mafi ƙarancin albashi, na ƙasa ne ke samun kaso mai tsoka, kai da kake lebul 8 sai an zauna an yi ciniki a kan naka. A 2019 daga 18,000 zuwa 30,000 ƙarin kusan kashi 67 ne, amma da aka gama zaman daidaitawa a watan Oktoba ɗan lebul 7 na tarayya ya samu kashi 23.2, lebul 8 kashi 20, lebul 9 kashi 19, daga 10 zuwa 14 kashi 16, manyan kuma kashi 14. Saboda haka in ka ji an ce albashi ya ninka kar ka ninka naka a zuci.

Tarayya da jiha kuma ba ɗaya ba ne, ko kusa. Ma'aikatan tarayya sun samu alawus na kashi 40 a 2023, aka yi musu tallafin 35,000 na wata shida daga Satumbar shekarar duk da biyansa ya yi ta jan ƙafa har ya zama ariyas, wato bashin da ma'aikata ke bi, sannan a 2024 aka amince da ƙarin kashi 25 zuwa 35 ga tsare-tsaren albashi da dama. Jiha kuwa sai abin da gwamna ya ga zai iya. Bayan dokar 2024 Kano ta ce 71,000, Kaduna 72,000, Kebbi 75,000, Neja 80,000, Legas 85,000, amma sanarwa daban, gani a alat daban, kuma na ƙaramar hukuma shi ne kullum a ƙarshen layi. Malaman firamare na Abuja, a babban birnin ƙasa fa, sai da suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan wannan maganar. Abin yana min ciwo wallahi, domin su ne ke riƙe da 'ya'yan talaka.

Wajen ɗorewa babu mai kama ƙafar gwamnati. Ritaya sai ka yi shekara 35 kana aiki ko ka cika 60, malaman makaranta ma dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 40 da 65 a inda ake aiki da ita. Korar ma'aikaci na da wuya, banki na ba ka bashi da albashinka, akwai kofaretif na ofis da ake ɗaukar buhun abinci da azumi a riƙa cira kaɗan-kaɗan. Fansho a tarayya na karo-karo ne, kai kashi 8 gwamnati kashi 10, jihohi kowacce da tsarinta, kuma kowa a arewa ya san wani dattijo da ya yi ritaya ya shekara da shekaru yana jiran giratuti, wato kuɗin sallama. Ka tambayi tsofaffin ma'aikatan jihar da kake son shiga, su ne za su faɗa maka gaskiya. Haɗarin a nan shi ne jinkirin albashi da riƙe shi, malaman jami'a sun yi wata takwas a yajin aikin 2022 aka riƙe musu albashi.

Abin da ya fi komai a wurina shi ne lokaci. Wanda ke tashi aiki da la'asar a garinsu, yana zaune a gidan gado ko hayar da ba ta fi ƙarfinsa ba, zai iya noma gonarsa da damina, ya ɗaure tumaki, ya buɗe wa iyali ɗan shago. Dokar aiki ma ta yarda ma'aikacin gwamnati ya yi noma. Buhun masara goma da ka noma da kanka ya fi maka sitef na shekara biyar, don shi in kasuwa ta tashi tare suke tashi. Sai dai samun ofar kanta wuya gare ta, kuma duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sayar maka da gurbi ka gudu, mutane da yawa sun yi asara a nan.

Kamfani

Kalmar kamfani tana ruɗar mutane, don abu biyu ne a cikinta da ba su haɗa hanya ba.

Akwai babban kamfani, banki, sadarwa, siminti, masu haɗa kayan abinci da na sha, in kai ma'aikacinsu ne na dindindin. A nan babu doka da ta ce a ƙara maka duk shekara, amma yawanci ana duba ƙwazo a ƙarshen shekara, a yi ƙari gwargwadon makin da ka ci, wasu da bonas, wasu da albashin wata na goma sha uku. Da abubuwa suka rikice a 2023 bankuna da yawa sun ƙara wa ma'aikata albashi cikin 'yan watanni ba tare da an yi yajin aiki ba, saboda su suna iya ɗaga farashin abin da suke sayarwa kuma suna tsoron ƙwararrunsu su tsere waje. Kaga ƙarin ya fi na gwamnati saurin bin kasuwa. Sannan babban ƙari a wannan ɓangaren yana zuwa ne ranar da ka sauya wurin aiki, ka yi shekara biyu ko uku ka ƙware wani kamfanin ya ɗauke ka da abin da ya fi, wannan hanyar babu ita a gwamnati. Fansho kashi 8 da 10 ne, asusun da sunanka yake ko ka bar su yana nan, akwai inshorar lafiya.

Kuɗin da kake biya a madadin haka shi ne lokacinka da kwanciyar hankalinka. Ka fita tun asuba ka dawo bayan isha, ga taget a wuyanka, babu maganar gona. Kuma kamfani na iya naɗe tabarmarsa, GSK mai haɗa magunguna ta sanar da barin harkarta a Najeriya a 2023, P&G mai Pampers da Ariel ta daina haɗa kaya a ƙasar, babban bankin ƙasa CBN ya ƙwace lasisin bankin Heritage a Yunin 2024. Mu 'yan arewa ba sai an ba mu labari ba, mun ga yadda masaƙun Kaduna suka mutu, ka zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ka ƙirga ƙofofin da ke kulle. Dokar ƙwadago notis ɗin wata ɗaya kawai ta wajabta wa wanda ya shekara biyar, wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba sati ɗaya ne, sai dai in takardar ɗaukarka ta faɗi fiye da haka. In aka sallame ka ka yi wata huɗu babu aiki za ka iya cire kashi 25 na asusun fanshonka, shi ke nan abin da za ka dafa.

Sai na biyun, ma'aikacin kwantiragi da ƙananan wurare. Da yawa daga cikin waɗanda kake gani a kan kantar banki da kwat da taye ba bankin ne ya ɗauke su ba, wani kamfanin dillancin ma'aikata ne ya kawo su, aiki ɗaya suke yi da na dindindin amma albashi bai kai ba, ƙarin girma babu, kuma mutum zai iya shekara biyar a wuri ɗaya. Haka malamin makarantar kuɗi, da mai aiki a ƙaramin asibiti ko kemis ko gidan mai. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka 70,000 ɗin da ake ta magana ba ta shafe su ba sam. Na taɓa koyarwa a irin wannan makarantar kafin in samu inda nake, an ƙara kuɗin makaranta sau biyu a gabana albashinmu bai motsa ba, lokacin dogon hutu kuma rabi ake ba mu. A ganina wannan rukunin shi ne ya fi kowa shan wuyar tsadar rayuwa, ba shi da tsaron gwamnati kuma ba shi da kuɗin kamfani.

Maganar gari kuma a nan take shigowa. A Legas hayar shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin ejan ga na yarjejeniya, ga motar zuwa aiki kullum, ga abinci duk saye, ga kuɗin motar zuwa gida sallah. Ko za ka raɓa da 'yan'uwa a Agege ko Idi-Araba sai ka lissafa nisan wurin aikin. Na Abuja ma haka ne, shi ya sa ma'aikata suka cika Mararraba da Suleja da Zuba suna ƙona rabin albashi a hanya. Na ce wa yaron ya ɗauki biro ya rubuta haya, mota, abinci, wuta, data da tafiya gida sau biyu a shekara, ya cire daga albashin Legas, abin da ya rage shi zai kwatanta da abin da zai rage masa a gida.

NGO

Albashinsu a farko yakan fi na kowa, musamman na ƙasa da ƙasa, ga alawus ɗin fita aiki. Kuɗinsu daga waje yake zuwa da dala ko yuro, shi ya sa lokacin da naira ta faɗi wasu daga cikinsu suka daidaita wa ma'aikata albashi, duk da ba dole ba ne, abin da aka rubuta a kasafin aikin shi ke iko. Amma kwantiragi ne na wata shida ko shekara, yana ƙarewa da ƙarewar tallafin. A Janairun 2025 Trump ya dakatar da tallafin Amurka, daga baya aka rushe hukumarsu ta ba da agaji USAID, mutane da yawa a Borno da Yobe da Adamawa suka samu takardar dakatarwa cikin 'yan kwanaki, wasu sun riga sun kama gida mai tsada sun sa yara a makarantar da ta dace da wancan albashin. Ga kuma haɗarin rai a wasu wuraren da ake tura mutum. Wanda zai yi shi ya yi da niyyar tara jari, ya ci rabi ya ajiye rabi a fili ko dabba. Barin ofar da ke hannu don jiran wadda ba ta zo ba kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan.

Sana'ar kanka

Ɗan kasuwa shi ne kaɗai ke yi wa kansa ƙari a ranar da kaya suka tashi, ba ya jiran NLC. Tela, mai walda, mai gyaran waya, mai haɗa sola, duk suna iya ɗaga kuɗin aiki. Amma akwai tarko biyu. Na ɗaya jari na narkewa ba ka sani ba, ka sayar da katan a kan goma kana murnar riba ka koma Singa ko Kwari ka tarar ya zama sha biyu, kuɗinka sun ƙaru amma kayan shagon sun ragu. Na biyu masu sayenka su ne ma'aikatan nan da albashinsu bai motsa ba, sai ciniki ya ja baya littafin bashi ya cika. Ga wuta, 'yan Band A, rukunin da aka yi wa alkawarin wutar da ta fi ta kowa yawa, a Afrilun 2024 aka ɗaga musu daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, wanda ba shi da wutar kuma janareta ke cinye shi. Farashi yana iya juyowa ta ɗaya ɓangaren ma, waɗanda suka ɓoye hatsi da tsada da manoman da suka sayi taki da tsada sun ji jiki da farashin ya karye a 2025. Babu fansho sai in ka buɗe na masu sana'a da hukumar fansho PenCom ta fito da shi a 2019, babu hutun rashin lafiya, kuma gobara irin ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 dare ɗaya take mayar da mai kuɗi abin tausayi. Wanda ya tashi a shago ya san hannun kasuwa yana da abin da digiri ba ya bayarwa, wanda bai taɓa ba kuma ya fara zama a ƙarƙashin wani tukuna.

| Aiki | Kuɗin farko | Yadda ƙari ke zuwa | Ɗorewa | Lokacin kanka | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Tarayya | matsakaici | sitef duk shekara, babban ƙari sai an yi ciniki | sosai | akwai | tsadar garin da aka tura ka |
| Jiha da ƙaramar hukuma | ƙasa | sitef, sauran sai gwamna | sosai | da yawa | jinkiri, ariyas, giratuti |
| Babban kamfani, dindindin | sama | ƙwazo, bonas, sauya wuri | matsakaici | kaɗan | rage ma'aikata |
| Kwantiragi da ƙananan wurare | ƙasa | sai an ga dama | rauni | kaɗan | kora ba shiri |
| NGO | sama | kasafin mai ba da tallafi | wata 6 zuwa shekara | kaɗan | yankewar tallafi |
| Sana'a | ya danganta da jari | kai ke sa farashi | gwargwadon lafiyarka da kasuwa | duk na shago ne | narkewar jari, bashi, gobara |

Abu ɗaya da ya shafi duk mai albashi, sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta ce daga Janairun 2026 naira 800,000 na farko a kuɗin shigarka na shekara babu haraji a kai. Ƙananan ma'aikata ne suka fi amfana, don haka in za ka kwatanta ofa biyu ka nemi a faɗa maka abin da zai shigo asusunka, kar a tsaya a kan jimillar da ke saman takarda.

Wa ya dace da wanne

Mai iyali, ko wanda iyaye suka tsufa a hannunsa, yana da gona ko wata sana'a a gida, aikin jiha a garinsu ya fi masa, da sharaɗin ya sa a ransa tun ranar farko cewa albashin na cefane ne kawai, abin da zai bi masa tsadar rayuwa a gonar yake. Ga mace mai aure da ƙananan yara ma haka nake gani, koyarwa ko aikin asibitin gwamnati kusa da gida, akwai hutun haihuwa kuma ba a korarta don ta haihu. In ofar tarayya ce ta zo kuma ba Abuja ko Legas aka tura ka ba, wata jami'a ce ko asibitin tarayya ko ofishinsu a jiha, ka riƙe ta da hannu biyu, albashin tarayya a garin da haya ke da sauƙi shi ne haɗi mafi kyau a duk lissafin nan.

Saurayi mara nauyi da ke da ƙwarewar da ake nema, akanta, injiniya, mai harkar kwamfuta, babban kamfani ne wurinsa, ya jure shekarun farko ya koya ya sauya wuri, ƙarinsa zai fi na sitef nesa ba kusa ba. NGO ta dace da wanda ke da abin komawa kuma hannunsa na iya riƙe kuɗi. Kwantiragi da makarantar kuɗi a yi su a matsayin wurin tsayawa kafin mota ta zo, kana yi kana cike fom a wasu wuraren. Shago kuma na wanda ya san kasuwar ne kuma yana da jarin da ba bashin ruwa ba.

Shi ɗan 'yar'uwata abin da na ce masa shi ne ya koma ya karanta takardar Legas ɗin da kyau ya ga sunan wa ke samanta, kamfanin ne da kansa ko dillalin ma'aikata, akwai fansho da inshorar lafiya a ciki, kuma ya tambaye su kai tsaye yaushe suka yi wa ma'aikata ƙari na ƙarshe. In na dindindin ne ya tafi, ba shi da mata ba shi da ɗa, shekarunsa 26, ya yi shekara uku ya gani. In kwantiragi ne ya karɓi lebul 8 ɗinsa, da yamma ya riƙa zama a shagon babansa, gonar kakansa da ke bayan gari kuma ni zan ba shi iri da taki na daminar farko.